Mako ɗaya a kowane wata: ciwon da muke kira "mugun hali"

 Yau maganar ta mata ce, amma maza kada ku wuce, don rabinta taku ce.

Babu unguwar da ba ta da macen da ake cewa: "Wance mutuniyar kirki ce, amma in abin nata ya motsa, ka yi nesa da ita." Mako uku tana lafiya lau, tana sana'arta, tana dariya da ɗiyanta. Sai wasu kwanaki su zo, ta koma kamar an musanya ta. Magana kaɗan ta fashe da kuka. Yaro ya zubar da ruwa ta yi masa dukan da ita kanta za ta zauna tana nadama. Barci ya ƙaurace mata, ta ji duniya ta yi mata ƙunci, ta ji ba ta da amfani ga kowa. Jinin al'ada na zuwa, kwana ɗaya ko biyu, sai abin ya washe kamar hadarin da iska ta kore. Ta bi mutane tana ba su haƙuri. Wata mai zuwa kuma a sake.

Mun ba wannan abu sunaye da yawa. Uwar miji ta ce rashin tarbiyya ne. Kishiya ta ce makirci ne. Maigida ya ce raini ne. Maƙwabta su ce iska ce, ko an yi mata sammu. Sunan da ba mu cika ba shi ba shi ne ciwo. Ra'ayina shi ne wannan: ga wasu mata ciwo ne na gaske, likitocin ƙwaƙwalwa sun yi shekaru suna bincikensa, ana iya gane shi da kaye da bik, kuma yana da magani. Shirun da muke yi a kansa yana kashe aure, yana fitar da ɗiya daga lakwal, wani lokaci har rai yake ci.

Bari mu raba abu biyu tun farko, don kada a cakuɗa. Yawancin mata suna jin wani canji kafin al'ada: nono ya yi tsami, ciki ya kumbura, kasala, ɗan saurin fushi, kwaɗayin wani abinci. Wannan ba ciwon da nake nufi ba ne, kuma mafi yawan mata suna ci gaba da harkokinsu da shi. Wanda nake nufi shi ne mai tsananin, wanda likitoci ke kira da Faransanci trouble dysphorique prémenstruel, a taƙaice TDPM. Ku riƙe sunan, don ranar da kuka je likita zai yi muku amfani. Da Hausa muna iya ce masa ƙuncin rai na gabanin al'ada.

Ba jiya aka fara maganarsa ba. A 1931 wani likitan mata a birnin Niyok na Amurka, Robert Frank, ya rubuta bayanin matan da ke shiga matsanancin tashin hankali kwanaki kafin al'ada. A 1953 likitoci biyu a Ingila, Katharina Dalton da Raymond Greene, suka sa wa tarin alamomin suna guda. Amma an daɗe ana jayayya kafin likitocin ƙwaƙwalwa su yarda. Babban kundinsu na Amurka, wanda ake kira DSM, ya ajiye abin a shafukan baya a 1987, a matsayin abin da ke buƙatar ƙarin bincike. A 1994 ma a baya aka bar shi. Sai a 2013 aka shigar da shi cikin kundin sosai, a jerin cututtukan damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita ma ta sa shi cikin sabon jerin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Ke nan yau ba maganar Amurkawa kaɗai ba ce.

To yaya ake gane shi? Kundin ya lissafa alamomi 11, kuma sai mace ta haɗa aƙalla 5. Huɗu na farko su ne ginshiƙai, dole a samu aƙalla ɗaya daga cikinsu: saurin juyewar rai, wato yanzu dariya anjima kuka; fushi da yawan rikici da mutane; baƙin ciki mai nauyi da yanke ƙauna da raina kai; da fargaba ko jin kamar an ɗaure ka tamau. Sauran bakwai ɗin su ne rashin sha'awar abubuwan da aka saba so, kasa tattara hankali, gajiya, canjin cin abinci, rashin barci ko yawansa, jin abubuwa sun fi ƙarfinka, da alamomin jiki irin su ciwon nono da gaɓoɓi da kumburin ciki.

Amma yawan alamomi kaɗai bai isa ba. Abin da ke bambanta wanga ciwo da sauran shi ne lokaci. Yana zuwa a makon ƙarshe kafin jini, ya fara sauka cikin ƴan kwanaki bayan jinin ya zo, ya ɓace ko ya kusa ɓacewa a makon da ke bin tsarki. Kuma sai ya kai ga taɓa rayuwa: aure, aiki, karatu, zama da mutane. Sharaɗi na ƙarshe, wanda zan dawo kansa, shi ne a rubuta alamomin kullum-kullum har tsawon al'ada biyu kafin a tabbatar.

Mata nawa ne abin ya shafa? A 2024 masu bincike ƙarƙashin jagorancin jami'ar Oksfod ta Ingila sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu cewa idan aka bi sharuɗɗan nan da tsauri, kashi 1.6 cikin 100 na mata da ƴanmata ne ke da shi, wato kamar miliyan 31 a duniya. Wani zai ce ai kaɗan ne. Mu yi lissafi. Kashi 1.6 na nufin mace 16 cikin kowace 1000. In lissafin ya yi daidai da namu, lise mai ɗalibai mata 500 tana da kamar 8. Kuma macen da ke rasa mako guda a kowane wata, a shekara ta rasa kusan wata uku. Wata uku na fushi da kuka da nadama, kowace shekara, tun daga budurci har al'ada ta ɗauke.

Yanzu ga inda binciken ya fi ba ni sha'awa. Shekaru da yawa ana zaton matan nan sinadaran jikinsu ne suka lalace, wato ormon ɗin da ke tafiyar da al'ada, estrojen da projesteron, sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Ita kanta Dalton da projesteron take yi wa mata magani, daga baya gwaje-gwaje suka nuna maganin bai fi na bogi aiki ba. Da aka auna jinin matan kuma, sai aka tarar ormon ɗinsu daidai yake da na sauran mata. To ina matsalar take?

A 1998 Peter Schmidt da David Rubinow da abokan aikinsu, a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ba matan da ke fama da ciwon wata allura mai tsayar da aikin ƙwan haihuwa na ɗan lokaci, kamar an kashe injin. Da yawansu suka samu sauƙi. Sai aka mayar wa waɗanda suka samu sauƙin da estrojen ko projesteron, gwargwadon abin da jiki ke yi da kansa. Ciwon ya dawo. Aka yi wa matan da ba su da ciwon irin wannan gwaji, su kuwa ransu bai canza ba. Ma'anar a fili take: ormon ɗin iri ɗaya ne, amsar da ƙwaƙwalwa ke ba shi ce ta bambanta. Kamar ƙurar hunturu ce. Duk gari na shaƙarta, amma mai asma shi ke kwana zaune. Ba wanda ke ce wa mai asma ya cika raki, ko ba shi da tarbiyya.

Bincike bai tsaya nan ba. A Suwidin, Torbjörn Bäckström na jami'ar Umeå ya daɗe yana bin sawun wani sinadari da jiki ke samarwa daga projesteron bayan an saki ƙwai, sunansa alopregnanolon. Aikinsa a ƙwaƙwalwa shi ne kwantar da hankali, ta hanyar da magungunan barci ke bi. Ga matan da ke da wanga ciwo, alamu sun nuna ƙwaƙwalwarsu na karɓarsa a juye, maimakon natsuwa sai fushi da fargaba. A 2017 kuma masu bincike na Amurka suka ga bambanci a yadda ƙwayoyin jikin matan nan ke amsa ormon, har a matakin ƙwayoyin gado. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa kafin balaga, yana lafawa lokacin ciki, kuma yana tafiya in al'ada ta ɗauke. Galibi inda babu sakin ƙwai, babu shi.

Jama'a, abin da ya sa na ce a daina wasa da maganar shi ne rai. A 2021 an tattara bincike da dama aka ga cewa matan da ke da wanga ciwo sun fi sauran mata yunƙurin kashe kansu da kusan ninki 7. Wani binciken na 2022, kan mata 599 daga ƙasashe daban-daban da suka ce likita ya tabbatar musu da ciwon, ya samu kashi 72 cikin 100 sun taɓa tunanin kashe kansu, kashi 34 kuma sun taɓa gwadawa. Waɗannan mata ne da suka nemi taimako, watakila ciwonsu ya fi na saura tsanani, amma ko an rage lissafin, abin tsoro ne. A cibiyar Karolinska ta Suwidin kuma, binciken da aka buga a 2024 ya nuna alaƙa tsakanin ciwon gabanin al'ada da ciwon damuwa na lokacin ciki da bayan haihuwa: cikin matan da suka shiga damuwar goyo, waɗanda suka taɓa fama da na gabanin al'ada sun ninka na sauran mata kusan sau 5. Wannan bayani ne da ya kamata kowace sajfam ta sani, don tambaya ɗaya ranar awo za ta iya nuna mata wadda za ta sa wa ido bayan haihuwa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan kauce masa ba.

Na farko: "Wannan ciwon Turawa ne. Kakanninmu ba su san shi ba." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ta inda ake zato ba. Wata mai bincike, Beverly Strassmann, ta zauna cikin Dogon na ƙasar Mali a shekarun 1980, tana ƙirga al'adar matan wani ƙauye. Ta gano cewa macen Dogon kan yi al'ada kamar sau 100 a duk rayuwarta, alhali macen Amurka tana yin kusan sau 400. Dalili kuwa, macen Dogon yawancin shekarunta ko tana da ciki ko tana shayarwa. Haka iyayenmu da kakanninmu suka rayu. Macen da aka aurar da wuri, ta yi haihuwa takwas ko goma, kowane yaro ya sha nono shekara biyu, watannin da ciwon zai samu ya bayyana kaɗan ne. Yau rayuwa na canzawa. Ƙididdigar ƙasa ta 2012 ta ba da matsakaicin haihuwa 7.6 ga kowace mace a Nijar, ta 2021 ta ba da 6.2. Ƴanmata na daɗewa a lakwal, mata na ba da tazarar haihuwa. Al'ada na ƙaruwa a rayuwar mace, don haka wadda ke da ciwon za ta fi haɗuwa da shi. Kada wani ya juya maganata ya ce to maganin shi ne a yi ta haihuwa. Kun dai ji alaƙarsa da damuwar goyo. Abin da nake cewa shi ne ciwon zai ƙara fitowa fili a gidajenmu, gara mu san shi tun yanzu.

Na biyu, kuma wannan daga mata zai fito: "In kuka yaɗa wagga magana, kun ba maza sanda. Duk wadda ta buɗe baki a ce al'adarta ce ta kusa." Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma shi ne ya sa aka yi shekara 26 ana ja-in-ja kafin a shigar da ciwon kundi. Masana irin su Paula Caplan sun yi adawa da shi, suna cewa za a mai da fushin mata na halal ya zama taɓin hankali. A Ingila, farkon shekarun 1980, an yi shari'o'in kisa inda aka sassauta wa mata hukunci bisa shaidar ciwon gabanin al'ada, mutane da yawa suka ji tsoron za a ce ke nan mace ba ta da cikakken hankali. A shekara ta 2000 kuma wani kamfanin magani a Amurka ya sake wa tsohon maganin damuwa suna da launi, ya riƙa tallarsa ga mata, aka zarge shi da neman kasuwa. Duk wannan ya faru.

Amma ku duba abin da binciken ya ce da kyau. Ya ce mace 1 ko 2 cikin 100, ko a ce 5 in an sassauta sharuɗɗa. Ke nan sama da 90 cikin 100 ba su da shi. Namijin da ke ce wa kowace mace "al'ada ce ke damunki" ilimi ya ƙaryata shi. Macen da ta yi fushi don ba a ba da kuɗin cefane ba, ko don an ci amanar kwananta, ko don an mare ta, fushinta na da dalili, kuma ba kalanda ce ta kawo shi ba. Ko wadda ke da ciwon ma, sau da yawa abin da take faɗa a kwanakin nan gaskiya ne da ta daɗe tana haɗiyewa. Ciwon na ƙara wa murya ƙarfi, ba lalle shi ya ƙirƙiro ƙorafin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku: "Iska ce, sai ruƙiyya." Ba na raina addu'a, kuma babu likitan kirki da zai hana mace neman tsari wurin Ubangijinta. Amma ina roƙon malamanmu da masu maganin gargajiya su ƙara tambaya ɗaya cikin tambayoyinsu: yaushe abin ke tashi? In duk wata a kwanaki ɗaya yake zuwa, kuma jini na zuwa ya sauka, to a haɗa da likita. Abin takaici ne a sayar da akuya da zannuwa, a kashe jaka hamsin ko ɗari wajen hayaƙi da turare, wani lokaci har da duka da sunan korar aljani, alhali ba a taɓa duba kwanan wata ba.

Yanzu ga labari mai daɗi. Gane wanga ciwo ba ya buƙatar na'ura, ba ya buƙatar awon jini, ba ya buƙatar tafiya Yamai. Ko a Amurka da takarda ake tabbatar da shi. Kuma matanmu sun riga kowa iya ƙirgar kwanaki, tunda kowace na lissafin fashin salla da ramuwar azumi. Abin da za a ƙara kaɗan ne.

Ƴar'uwa, ki samu kaye. Kowane dare kafin ki kwanta ki rubuta kwanan wata, sannan ki ba kanki maki daga 0 zuwa 3 a kan abu huɗu: fushi, baƙin ciki, fargaba, da saurin kuka. In kina so ki ƙara barci da ciwon jiki. Ranar da jini ya zo ki yi alama da jan bik, haka ranar da ya ɗauke. Ki rubuta har ranakun da kike lafiya, don su ne shaida. Kada ki bari sai ƙarshen wata ki cike daga ka, don tunani na yaudara. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wadda ba ta rubutu ta samu zare, kullum ta yi ƙulli guda, ranar ƙunci ta yi babba, ranar jini ta ɗaura jan ƙyalle. Bayan al'ada biyu, ki duba.

Abu uku kan fito. Ko dai ƙuncin na taruwa kafin jini, bayan tsarki kuma ki koma garau, wannan shi ne hoton ciwon da muke magana. Ko kuma ƙuncin na nan duk wata, sai dai ya ƙaru kafin jini. Wannan alama ce ta ciwon damuwa ko fargaba da al'ada ke tsanantawa, kuma bincike ya nuna fiye da rabin matan da ke da ciwon damuwa na jin haka. Maganinsa daban ne, na kullum ne. Ko kuma ki ga babu wata alaƙa da al'ada, sai a nemi dalili wani wuri: ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, rashin barci, ko halin da ake ciki a gidan. Ko wanne ya fito, kin ƙaru, kuma kina da abin nuna wa likita.

Magani akwai. Wanda aka fi gwadawa shi ne rukunin magungunan damuwa masu aiki kan sinadarin serotonin, irin su fuloksetin da sertiralin. Abin mamaki, ga mai ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, amma ga wanga ciwo cikin ƴan kwanaki ake jin sauƙi. Shi ya sa likita na iya rubuta su na kwana 14 kawai kafin al'ada, a tsaya in jini ya zo. Fuloksetin na cikin jerin muhimman magunguna na OMS. Akwai kuma wani nau'in ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin dirospirenon, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wanga ciwo a 2006. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam na taimakawa wajen koyon yadda za a bi da kwanakin. Wani gwaji na 1998 ya nuna kalsiyom na rage alamomin gabanin al'ada. Motsa jiki da isasshen barci da rage shayi mai ƙarfi da kafe suna sauƙaƙa wa wasu, ko da yake ba su isa ga mai tsananin ba.

Amma don Allah, kada wadda ta karanta wannan ta aika yaro wurin mai tallar magani a tire. Magungunan nan na da sharuɗɗa. Na damuwa kan kawo tashin zuciya da raguwar sha'awa, kuma ga mai ciwon da ke juyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi suna iya tayar da shi. Ƙwayar tazara ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai wani irin ciwon ɓarin kai, ko wadda jininta ya taɓa daskarewa a jijiya. Mai ciki ko mai neman ciki dole ta faɗa wa likita. Taramol da ƙwayoyin barci kuwa ba maganinsa ba ne ko kaɗan, ciwo na biyu kawai za su ƙara. Sai da ordonans. Kuma wadda ta lura ranta ya canza tun da ta fara allura ko ƙwayar tazara, ta koma ta gaya wa sajfam, akwai wasu hanyoyin.

Saura kira, kuma ina da guda huɗu.

Ga hukumomin kiwon lafiya: likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasarmu, kuma sunan Pavillon E na babban asibitin Yamai kaɗai ya isa ya sa mace ta fasa neman taimako, don kada a ce ta haukace. Ba can ya kamata a fara ba. Macen karkara da ta birni duk suna zuwa CSI, wurin awo, wurin rigakafin yara, wurin tazarar haihuwa. Tun 2008 OMS ke da shirin mhGAP na koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A sa wanga ciwo cikin abin da ake koya wa sajfam da majo, tun daga makarantun horar da su na Yamai da Damagaram. A buga takardar ƙirga mai hotuna, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Kuɗinta bai kai na fenti ba.

Ga jami'o'inmu: yawancin alƙaluman da na kawo muku yau daga Amurka da Ingila da Suwidin suka fito. Muna da sashen koyon likita a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ga shi nan. Mata ɗari biyu ko uku, kaye da bik, wata biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga malaman lakwal da iyaye: yarinyar da ke ƙoƙari, amma duk wata akwai makon da take faɗa da ƙawaye, ta yi kuka a aji, ta faɗi jarrabawa, kafin a kore ta ko a ce aure take so, a samu malama ko inna ta zauna da ita ta tambaye ta a asirce.

Ga ku maza, ƴan'uwana. Kai maigida, in ka lura rikicin gidanka na da lokaci, kada ka mai da shi abin gori. Ranar da take cikin ƙunci ba ranar cewa "na san abin da ke damunki" ba ce. Ka jira kwanakin da take garau, ku zauna ku biyu, ka ce ka lura da wani abu, kuma kana so ku duba tare. In kwanakin sun zo, ka rage mata nauyi, ka janye yara, ka bar amsa kowace magana. Kada ka yanke hukuncin saki a makon nan, kada ka bari ta yanke na yaji. In kwana biyar na haƙuri za su tsare auren shekara goma sha biyar, ai ba a yi asara ba. Ke ma ƴar'uwa, sanin ciwon ba lasisin zagi ko dukan yara ba ne. Sani nauyi ne: ki san kwanakinki, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, ki ɗage manyan shawarwari, ki nemi magani.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Duk macen da ta ce ta gaji da rayuwa, ko gara ta mutu, ko ta fara ba da kayanta tana sallama, kada a ce ai in jini ya zo za ta warware. Kada a bar ta ita kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai ta likita ranar nan, ba gobe ba. Kwanakin na wucewa, amma sai mai rai ke ganin wucewarsu.

Ana cewa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Wanga kam na gida ne gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya karanta wa wadda ba ta karatu, ba tare da nuna kowa da yatsa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.